Maganin Mantuwar Malama

Ƙarfe takwas na safe aka tarar an ɓalle kabad ɗin maganin Malama, kafin tara kuwa mutanen layin sun gama yanke wa Mai Jinya, matar da aka ɗauka tana kula da ita, hukunci. Wata maƙwabciya ta rantse jiya da yamma ta gan ta ta fita da jaka niƙi-niƙi. Mai shagon kan kwana ya ce shi dama idon matar bai taɓa kwanta masa ba. Har waɗanda ba su san kamanninta ba sai da suka tofa nasu.

Abin da aka ɗauka ba gwal ba ne. Kwalabe shida ne na wasu ƙwayoyin man kifi, masu santsi, launin zuma, waɗanda babbar 'yar gidan ta sayo don an ce suna taimaka wa ƙwaƙwalwar tsofaffi. Malama ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare, ta san sunan kowane ɗalibi har da na ubansa. Amma shekara uku ke nan mantuwa ta kama ta, har ta kai tana kallon 'ya'yanta kamar baƙin da suka ɓata hanya. Wata biyu da fara shan ƙwayoyin sai bakinta ya buɗe, ta koma magana. Shi ya sa duk layin ya ɗauki satar tamkar an shiga an sace wa tsohuwa hankalinta a karo na biyu.

Autan gidan ya so ya kira 'yan sanda nan take. Yayarsa, wadda kowa ke ce wa Yaya Babba, ta roƙe shi ya ba ta zuwa yamma. Ta shiga mota ta nufi gidan wani tsoho da ake kira Mai Sawu, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin sawun dabbobin sata da yaran da suka ɓata. Ta same shi a ƙofar ɗakinsa yana ta lalube, yana neman tabaransa.

"Baba, ga shi nan a goshinka," in ji ta.

"Na sani, 'yata. Gwada ki nake."

Ta zayyana masa abin da ya faru. Yana jin gidan da ake nufi sai ya tambaye ta:

"Babanki ya san kin zo?"

"Bai sani ba. Amma na ji an ce da can ku abokai ne."

"Haka aka ce."

Shekara hamsin da ɗoriya rabon da ya taka gidan nan, ga shi tituna huɗu ne kawai a tsakaninsu. A wancan zamanin Dogo ake ce masa, kuma shi ya fara neman Malama. Aiki ya kai shi nesa, ya bar wa amininsa, wani matashin kafinta, amanar kai mata wasiƙunsa. Ya yi shekara biyu, ya dawo ya tarar aminin ya aure ta. Bai yi faɗa ba, bai tambaya ba. Ya dai daina bin wannan layin. Daga baya shi ma ya yi aure, matar ta rasu, 'ya'ya suka watse, ya zauna da rediyonsa da ciwon gwiwa.

Ya ce ta jira shi. Ya shiga ɗaki ya sauya riga, ya ɗauko wadda yake ajiyewa a ƙasan akwati. Yana saka maɓalli yana jin haushin kansa.

*

Tsakar gidan ta gaba ba ta da abin faɗa masa. Masu jaje sun tattake ta tun safe, sawu a kan sawu. Ya ratsa ta cikinsu ya shiga falo.

Kafinta na zaune a kujerarsa kusa da ƙofa. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat, amma idon na nan yadda Mai Sawu ya san shi.

"Wa ya kira wannan?"

"Ni ce, Baba," in ji Yaya Babba.

Suka gaisa, don idon mutane. Mai Sawu ya ji hannun nan a cikin nasa, mai kaushi, babu yatsu biyu na tsakiya da zarto ya cinye tun suna samari. Mai Sawu ne ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi asibiti ranar. Kowa ya yi saurin janye hannunsa.

Kabad ɗin na jikin bangon ɗakin Malama, aikin Kafinta ne tun yana da ƙarfi. An cire maƙalin kwaɗon, kwaɗo na lilo a jikinsa. Maganin hawan jini na nan, na ciwon ƙafa na nan, kwalaben ne kawai babu.

"Makulli nawa ne?" in ji Mai Sawu.

"Biyu," in ji Yaya Babba. "Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Mai Jinya."

"Babanki fa?"

"Mun karɓe nasa tun bara. Yana rikita lokutan magani."

"Mai makulli me zai sa ta ɓalle kwaɗo?"

Auta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa hannu a ƙirji, ya karɓe zancen. "Don ka yi wannan tambayar mana, Baba. Wayo ne. Kuma ba yau ta fara ba. Takwas Yaya ta kawo, Mama ta shanye ɗaya, ɗaya ta ɓace sati uku da suka wuce. Muka yi shiru, shi ne ta ga wuri."

Mai Jinya na zaune a kicin a kan wata 'yar kujera, an hana ta fita tun safe. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, idonta ya kumbura amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Me ke cikin jakar jiya?" Mai Sawu ya tambaye ta.

"Zannuwan gadon Mama. Famfon gidan nan ba ruwa kwana biyu, sai na ɗiba a tanki, na ce gara in wanke su a gidana. Suna can a kan igiya, a je a gani. Baba, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. In aka rubuta sunana a wurin 'yan sanda, ba gidan da zai sake buɗe mini ƙofa. 'Ya'ya uku nake riƙe da su."

"Yaushe kika rufe kabad?"

"Ƙarfe biyar, bayan na ba ta na yamma. Muka fita zagayen da muke yi kullum, rabin awa. Muka dawo na zaunar da ita a falo, na ɗauki jaka na tafi. Ban sake shiga ɗakin ba."

"Maganin nan, a ganinki yana yi mata aiki?"

Ta ɗan yi tunani. "Tana magana dai. Amma ba maganar yanzu ba. Ta ƙuruciyarta take yi, gidan babanta, makarantarsu. Kullum ƙarfe huɗu sai ta ce a kai ta bakin taga, tana jiran wani. Ta yi ta tambaya, Dogo bai zo ba?"

Mai Sawu ya dafa bango.

"Wa ta ce?"

"Dogo. Yaran ma ba su san shi ba. Na tambayi Baba, ya ce wani ne da ya daɗe da mutuwa."

Ya fito daga kicin. Ashe ya mutu! Ya saci kallon Kafinta, wanda ya ƙura wa ƙafafunsa ido, ya ji wani abu mai daɗi da muni ya taso masa lokaci ɗaya.

*

A waje, motar Auta na ajiye a inuwa, gilashi a sauke. Mai Sawu ya jingina da ita kamar mai hutar da gwiwa. A aljihun ƙofar direba ya hango murfi mai ruwan ɗorawa. Ya zaro kwalba, cike da ƙwayoyi launin zuma. Ya kira Auta gefe, ya nuna masa.

Fuskar Auta ta canza. "Ba abin da kake zato ba ne."

"Ban zaci komai ba tukuna. Ina sauran biyar?"

"Wannan ba ta cikin shidan ba ce. Ita ce ta sati uku." Ya share goshi. "Wurin Mai Kemis na kai ta, ya duba mini ko jabu ce."

"Ka bar aka zargi baiwar Allah?"

Sai maganar ta ɓalle wa Auta. "Baba, shekara uku ina kwana a gidan nan. Ni ke ɗaga Mama, ni ke kai ta asibiti, aurena ma na ɗage saboda ita. Ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Yaya ta zo da kwalba a leda, yanzu duk layin nan ita ake sa wa albarka. Na so a ce jabu ne, wallahi na so. Amma jiya tun azahar ina wurin aiki sai bayan ƙarfe bakwai, ka tambaya."

Kemis ɗin na bakin babban titi. Mai Sawu ya taka a hankali har can. Mai Kemis ya tabbatar da zancen Auta, ya ƙara da nasa ƙorafin.

"Shekara ashirin ni ke ba gidan nan magani. Ta tsallake ni ta je ta sayo a wani wuri, sai ka ce ni gawayi nake sayarwa. Ai na ji har ni an sa a zance, wai na aika an sato don baƙin ciki."

"Ka aika?"

"In aika wa? Ga irinsa nan a kanta, wata uku ko kwalba biyu ban sayar ba."

"To gaya mini tsakani da Allah, yana aiki?"

Mai Kemis ya cire tabaransa ya goge. "Man kifi ne na gaske. Wasu na cewa yana ɗan taimaka wa ƙwaƙwalwa in an daɗe ana sha, wasu sun gwada ba su ga bambanci ba. Ni ba zan rantse maka ba. Abin da na sani, ba ya dawo da abin da ya riga ya tafi. Kuma ciwon nan haka yake, jiya da shekaranjiya ne ke fara gogewa, abin ƙuruciya ya taso kamar ɗazu aka yi shi. Sannan lokacin da aka fara ba ta ƙwayoyin, lokacin aka kawo matar nan da ke fita da ita, tana ja mata hira. Wa ya san wanne ya buɗe bakin? Ko ba a ba ta komai ba, wataƙila da nan za ta iso."

Mai Sawu ya juya zai fita, sai ya tsaya. "Mutum mai manta inda ya ajiye tabarau fa?"

"Ya sa masa igiya."

*

Ƙarfe huɗu saura kaɗan ya dawo gidan. Ya gaya wa kansa bincike ne ya dawo da shi daidai wannan lokaci.

An zaunar da Malama a bakin tagar falo, bayanta ga ƙofa. Ta ƙanƙance, mayafi ya yi mata yawa. Kafinta na gefenta da kofin shayi yana lallashi, ta kau da kai. Mai Sawu ya yi taku uku a kan siminti, sai ta ɗaga kai ba tare da ta waiwayo ba.

"Dogo," in ji ta. "Takunka ne. Kullum kana jan ƙafar hagu."

Ta juyo, fuskarta ta washe. Ba tsohon da ke tsaye take gani ba, ya sani.

"Ka daɗe. Sai da na ce in ba ka zo yau ba, ba zan sake yi maka magana ba." Ta dubi mijinta. "Malam, don Allah ka ba baƙo kujera." Sannan ta rage murya ta ce wa Mai Sawu, "Bawan Allah nan yana da kirki. Kullum yana nan, ban san ko ɗan wane gida ba ne."

Kafinta ya ajiye kofin a hankali. Ya miƙe, ya jawo kujera da hannunsa ya ajiye, ya fita daga falon.

Mai Sawu ya zauna minti goma. Ta tambaye shi kekensa, ta tambaye shi mahaifiyarsa da ta rasu shekara arba'in da suka wuce, ya ce duk suna lafiya. Da ta fara gyangyaɗi sai ya sulale ta ƙofar baya, don ba ya son kowa ya ga fuskarsa.

Bayan gidan ba wanda ya tattake shi. Ga tsohon shagon Kafinta a kulle, ga tankin ruwa, ga bishiyar lemo mai rassa har ƙasa. Yana tsaye yana sauke numfashi, idonsa ya koma aikinsa da kansa. Sawun kyanwa ne, ya sauko daga katanga. Ga wani, ƙarami, ya fito daga ƙarƙashin tanki. Ga na uku. Kyanwoyi uku daga wurare uku, kuma duk gindin lemon suka nufa. Me kyanwa za ta ci a gindin lemo?

Ya durƙusa da ƙyar. An share wurin da tsintsiya, an yi masa ban ruwa, a gidan da famfo ya yi kwana biyu a bushe. Kyanwoyin sun fara tono. Kiyashi sun ja layi zuwa ramin. Ya sa tsinke ya tona kaɗan, ƙarnin kifi ya buge shi, ga ƙwayoyi sun narke sun manne da ƙasa.

Ya ɗaga wani reshe don ya ga iyakar sharar. A can ciki, inda tsintsiya ba ta kai ba, wanda ya yi binnewar ya dafa jiƙaƙƙiyar ƙasa don ya miƙe. Tafin hannu ya fito sarai.

Mai Sawu ya daɗe yana kallonsa. Yana iya shafe shi da ƙafa, ya je ya same shi su biyu, a nemo wata hanya. Sai ya tuna Mai Jinya a kicin da sunan ɓarauniya a kanta. A gaban mutane aka ɓata ta, a gabansu ya kamata a wanke ta. Haka ya gaya wa kansa, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta, ta mutumin da aka ce ya daɗe da mutuwa, kuma ita ce ta fi sa shi saurin tashi. Ya ɗauko wata roba a gefen tanki ya kifa a kan shaidar.

*

Ya sa Yaya Babba ta tara su a bayan gida: Auta, Mai Jinya, Mai Kemis da aka kira ta waya, maƙwabciyar nan da mai shago. Kafinta ya zo a ƙarshe, ya tsaya jikin ƙofar shagonsa, hannunsa na dama a aljihu.

"An ce Mai Jinya ta fita da magani a jaka," in ji Mai Sawu. Ya dubi maƙwabciya. "Kin ga cikin jakar?"

"Ni dai na ga jaka."

"Zannuwa ne. Maganin bai taɓa fita daga gidan nan ba." Ya tura ƙasa da sandarsa, ƙarni ya tashi, Yaya Babba ta toshe baki. "Mai son sayarwa ba ya binnewa. Mai Kemis yana da nasa a kanta ya rasa mai saye. Auta kuwa, kwalbar da ta ɓace sati uku tana motarsa, shi zai yi wa yayarsa bayani, amma jiya ba ya gida. Wanda ya yi wannan ba shi da makulli, yana gida ƙarfe biyar, kuma ba riba yake nema ba. So yake Malama ta daina sha."

"Wane mugu ne zai so haka?" in ji Yaya Babba.

Mai Sawu ya ɗaga reshen, ya janye robar.

Suka matso. Babban yatsa, manuni, sai fili, sai ƙaramin yatsa. Auta ne ya fara waiwayawa, sannan sauran.

Kafinta ya zaro hannunsa daga aljihu ya dube shi kamar na wani.

"Kwalaben suna cikin buhun garin katako," in ji shi. "A shago."

"Baba!" in ji Yaya Babba. "Kai? Mama ta fara dawo mana, kai kuma..."

"Ta dawo wa wa?" Bai ɗaga murya ba. "Ta kira sunanki? Ta kira na Auta? Shekara hamsin da ɗaya nake tare da matar nan. Gadon da take kwana ni na yi shi. Shekara uku tana shiru, amma in na kama hannunta tana kama nawa, na ce to, ta san ni. Aka kawo wannan abu, bakinta ya buɗe, na zauna ina jira in ji ta kira ni. Ga wanda ta kira." Ya nuna Mai Sawu da guntun hannunsa. "Shi ne Dogo. Kullum ƙarfe huɗu, ina zaune a gefenta, tana jiransa. Ni kuma bawan Allah mai kirki. Na ce gara shirun."

Yaran suka dubi Mai Sawu. Ya zaci zai ji daɗin wannan lokaci, ya daɗe yana jiran irinsa. Sai ya ji rigar da ya saka ta yi masa nauyi.

Mai Kemis ya yi gyaran murya. "Baba, ai ba lallai ƙwayoyin ne suka jawo ba. Ciwon ne ke mayar da mutum baya. Ko ta daina sha, mai yiwuwa ba za ta daina kiransa ba."

Kafinta ya dube shi. "To me zan binne?"

Mai Jinya ta matso gaban tsohon.

"Baba, tun safe kana zaune kana ji ana ce mini ɓarauniya. Ni ke wanke maka matarka."

"Na ji, 'yata. Na kasa buɗe baki. Ki yafe mini."

"Ba a nan aka zage ni ba. A ƙofar gida ne."

Kafinta ya gyaɗa kai. Ya ratsa falo, ya fita ƙofar gida inda sauran mutanen layin ke jiran labari, ya tsaya ya faɗa musu da bakinsa cewa shi ya ɗauka, matar nan ba ta taɓa ko allura ba. Bai faɗi dalili ba. Auta ya biyo shi ya faɗi nasa, kansa a ƙasa. Maƙwabciya ta ce ita dama jaka kawai ta ce ta gani. Mai Jinya ta ajiye makullin kabad a hannun Yaya Babba, ta ce za ta dawo aiki saboda Malama, amma makulli ba za ta sake riƙewa ba.

Da mutane suka watse, tsofaffin biyu suka rage a bakin ƙofa.

"Wasiƙuna," in ji Mai Sawu. "Ka kai mata?"

"Duka uku na kai. Uku a shekara biyu, Dogo. Ta jira ka shekara ɗaya da rabi a bakin tagar gidansu. Ni ke wucewa kullum ina ce mata kana hanya."

Mai Sawu ya ɗauki sandarsa. Ya ƙi a kai shi a mota, ya taka har gida.

*

Kwana uku bayan haka, yana zaune da rediyonsa da hantsi, ya ji ana tahowa da sanda. Kafinta ne, shi kaɗai, ya yi gumi. Ya ƙi zama.

"Yaya Babba ta sayo wasu," in ji shi. "Ni ke ba ta yanzu da hannuna. Ko yana yi ko ba ya yi, oho." Ya kau da kai. "Tun ranar da ta gan ka ba ta cin abincin kirki. Ta ce sai ka zo. Ƙarfe huɗu. Ba don kai na zo ba."

"Na sani."

"Kuma kujerar da ke gefenta tawa ce. Ka zauna a ta wajen ƙofa."

Ƙarfe huɗu Mai Sawu ya je, cikin tsohuwar rigarsa. Malama ta yi masa faɗan makara, ta shiga ba shi labarin wata malamarsu mai duka da rula, tana dariya har da hawaye. Kafinta na gefenta da kwanon shinkafa. Duk sanda ta tsaya shan iska sai ya kai cokali, ta buɗe baki ba tare da ta dube shi ba.

Can aka kira Kafinta a waya. Ya miƙa wa Mai Sawu kwanon ya fita. Mai Sawu ya matso da kujerarsa, ya ɗebo kaɗan, ya kai bakinta. Ta dubi cokalin, ta dubi hannun da ke riƙe da shi, ta rufe bakinta gam.

"A'a, Dogo, kai ba ka iya ba," in ji ta. Ta fara waige-waige, hankalinta ya tashi. "Ina mutumin nan? Ina ya tafi? A kira shi."

"Yana zuwa."

"A kira shi yanzu."

Kafinta ya dawo da sauri. Tana ganinsa ta kama hannun rigarsa ta riƙe, ta saki ajiyar zuciya, sannan ta juya ga Mai Sawu ta ci gaba da labarinta daga inda ta tsaya. Mai Sawu ya miƙa kwanon, ya ja kujerarsa ya mayar wajen ƙofa. Ya zauna yana amsa mata, yana kallon cokalin na zuwa yana dawowa, har kwanon ya ƙare.

Da zai tafi, Kafinta bai raka shi ba. Daga inda yake zaune ya ce, "Gobe kada ka makara. Ba ta son jira."